Injinka Yana Numfashi Kuwa? Yadda Ake Auna Iskar Kan Silinda da Tiyo da Ruwa

Wannan shi ne bayanin da muka gabatar a shirin sana'a da sufuri na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda wanda kiwo ko kasuwa suka hana shi zama kusa da rediyo, da kuma wanda ya ji amma yana so ya kai wa makanikensa abin a rubuce. Muna gaida mutanen Makango da na Yeji a tsallaken ruwa, da na Salaga, Bimbila, Yendi, har Bawku da Pusiga, da 'yan'uwanmu na Sinkase da ke kama mu daga can gefen iyaka.

Wani mai sauraro ne ya aiko da kuka. Yana da babur mai ƙafa uku, wanda muke kira Motokin, yana ɗaukar doya daga Salaga zuwa bakin ruwa a Makango. Ya ce tun bayan hunturu injin ya mutu murus: in ya yi lodi sai ya riƙa nishi a ɗan tudun da a da ko giya ba ya sauyawa, ga shan mai kamar rijiya. Ya sauya fulogi, ya sauya kafireta, an sa masa sabon ringi, duk a banza. Yanzu wani makanike ya ce ya sayi sabon kan silinda, wani kuma ya ce a kawo ya “buɗe” masa tsohon da gurza. Shi kuwa kuɗi sun ƙare, kuma kun san jirgin fito ba ya jiran kowa. Wanda ya makara, doyarsa ta kwana a rana.

Malam, amsarmu a taƙaice ita ce: kada ka saya, kada a gurza, sai an auna. Ga yadda ake aunawar.

Ƙarfin inji a numfashinsa yake

Kai makiyayi, in za ka sayi sa a kara, ba ƙahonsa kaɗai kake dubawa ba. Kana tsayawa ka ga yadda yake numfashi. San da ke da ciwon huhu, ko ka cika masa ciki da dusa da harawa, ba zai kai ka mashaya ba. To inji ma haka yake. Mu dai mai muke gani, domin shi muke biya, amma abin da inji ya fi ci iska ce. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska kusan kilo 14.7. In aka mayar da shi lissafin da muka saba, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Jarkar nan rawaya mai lita 25 da ake ce wa galan ɗin Kufuor, cikinta 360 ke nan na iska, don lita ɗaya tak ta mai.

Injin babur da na Motokin da na niƙa duk a kan tsari ɗaya suke aiki, mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo, ya hau ya matse, wuta ta tashi ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ɗauki inji mai sisi 150 yana juyi 6,000 a minti. Sau 3,000 ke nan yake zuƙa, kuma in zai cika cikinsa kowane zuƙo, sai ya sha iska lita 450 a minti guda, wato jarka 18.

Duk wannan iska ta ina take bi? Ta kan silinda, murfin nan na alminiyon da ke saman inji, wanda makanikai ke ce wa hed ko tof. A cikinsa akwai hanya lanƙwasasshiya da iska ke shiga, da wata da hayaƙi ke fita, kowacce da bawul ɗinta mai buɗewa da rufewa. Bawul ɗin ƙaramin inji bai fi ya ɗaga milimita 6 ko 7 ba, bai ko kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Ta wannan 'yar kafa jarka 18 za su wuce a minti. Shi ya sa ɗan baƙin gawayin da ya taru a bayan bawul, ko gaskit da ya leƙo cikin hanya, ko mazaunin bawul da ƙura ta cinye, yake iya shaƙe inji duka. Ido kuwa ba ya iya faɗa maka iska nawa ke wucewa. Sai ma'auni.

Akwatin awon iska

Masu gyaran motocin tsere a Ingila da Amurka sun daɗe da wannan dabara. Injiniya Harry Weslake na Ingila ya yi suna ne a kan auna iskar kan silinda, kuma kamfanin SuperFlow na Amurka yana sayar da na'urar da aka ƙera don haka. Tasu tana da tsada, amma asalin dabarar ba ta fi ƙarfin kafinta da makanike na garinmu ba, in sun haɗa kai.

Dabarar ita ce ta 'yan kasuwar hatsi. In kana so ka san buhun da ya fi cika, da mudu ɗaya za ka auna su duka. A nan ma, za a ja iska ta cikin kan silinda da ƙarfi iri ɗaya kullum, sannan a duba yawan da ta wuce. Wanda ya bar iska mai yawa ta wuce a kan ja ɗaya, shi ya fi numfashi.

Kayan da ake bukata:

Na ɗaya, akwatin katako mai kauri, a raba shi ɗaki biyu, na sama da na ƙasa. Kowace gaɓa a shafe ta da gam, kada iska ta sami ko kafar allura. Kada a yi rowar katako. In ana jan da ya kai santimita 25 na ruwa, bango mai faɗin santimita 40 da tsawon 40 yana ɗauke da nauyin kilo 40, kusan buhun siminti. Siririn filawud zai lotsa, gam ya tsage.

Na biyu, abin jan iska. Injin zuƙe ƙura na lantarki, irin wanda ake samu a wajen masu kayan gwanjo, ya isa kan babur. A haɗa bakinsa da ɗakin ƙasa. A jikin ɗakin ƙasan kuma a huda wata 'yar taga mai marfin zamiya. In ka buɗe ta, jan ya ragu, in ka rufe, ya ƙaru. Ita ce linzamin akwatin.

Na uku, faranti na ƙarfe marar kauri mai rami zagayayye a tsakiya, a ɗaure shi a bangon da ya raba ɗakunan biyu. Ramin ya zama mai kaifin baki, ba gurɓi ba kumburi. Don kan babur a fara da rami mai faɗin milimita 25. Wannan faranti shi ne mudun. Duk iskar da ta shigo ta kan silinda dole ta bi ta cikinsa. A sa ɗan allo tsakaninsa da ramin sama, yadda iskar da ta faɗo ba za ta doke shi kai tsaye ba.

Na huɗu, guntun bututu mai faɗi daidai da silindar injin, a kafa shi a kan ramin da ke saman akwatin. A kansa kan silinda zai zauna, da roba a tsakani, kamar yadda yake zama a inji.

Na biyar, tiyo biyu masu haske, irin wanda magina ke zuba wa ruwa su daidaita gini. Kowanne a lanƙwasa shi kamar harafin U, a kafe shi a allo, a sa rula a tsakiya, a zuba ruwa zuwa rabi. Ɗiga ɗan bula na wanki don ruwan ya fito sosai a ido.

Tiyo na farko, baki ɗaya a ɗakin sama, ɗayan a buɗe. Shi ke faɗa maka ƙarfin ja. Tiyo na biyu, baki ɗaya a ɗakin sama, ɗayan a ɗakin ƙasa. Shi ke faɗa maka yawan iskar da ke wucewa ta farantin. A duka biyun, abin da ake karantawa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwan ɓangaren nan da na wancan.

Yadda ake gwajin

Kafin komai, ga gargaɗi, kuma don Allah a riƙe shi: a wanke kan silinda, a bar shi ya bushe ƙarau. Injin zuƙe ƙura yana tartsatsi a cikinsa. In ya zuƙi tururin fetur, gobara ce. Kada a kawo mai kusa da akwatin.

A ɗaura fulogi a wurinsa. A cire sifirin mai ƙarfi na bawul ɗin da za a gwada, a sa mai laushi, ɗaya bawul ɗin kuma ya zauna a rufe. Sai a kafa ɗan ƙarfe a saman bawul da ƙusa mai zare wadda sifana lamba 10 ke kamawa. Irin wannan ƙusa, mai kaurin milimita 6, juyi ɗaya cikakke tana tafiya milimita ɗaya. Ka ga ke nan ba sai ka sayi agogon awo ba: juyi ɗaya, bawul ya buɗe milimita ɗaya. A bakin hanyar iskar kuma a naɗa ɗan yumɓu a zagaye shi sumul, don kaifin bakin kada ya ɓata awon.

Gwaji na farko, bawul a rufe. Kunna inji, ka ja tagar har tiyo na farko ya nuna santimita 25. Manyan masu wannan aiki a Amurka sun fi amfani da inci 28, wajen santimita 71, amma ƙaramin inji ba zai kai nan ba, kuma ba dole ba ne. Abin da ake so shi ne lamba ɗaya kullum. Yanzu dubi tiyo na biyu. Tunda ba hanyar shiga, ruwansa ya kamata ya tsaya daidai wa daida. In ya motsa, akwai yoyo: ko akwatinka, ko robar, ko bawul ɗin ba ya zama. Toshe bakin hanyar da tafin hannu. In ruwan ya koma daidai, bawul ne ke yoyo, ka kama ɓarawo ɗaya tun ba a je ko'ina ba.

Daga nan sai ka juya ƙusa sau ɗaya. Za ka ga tiyo na farko ya sauka, domin iska ta sami hanya. Gyara taga har ya koma 25, sannan ka karanta tiyo na biyu, ka rubuta. Sake juyi, sake mayar da shi 25, sake rubutawa, har milimita 6 ko 7. Wanda ya manta mayar da tiyo na farko wurinsa, ya sauya mudu a tsakiyar awo, lissafinsa duka ya rushe.

Lambobin nan su kaɗai ba su ce komai ba sai an gwama su da na lafiyayye. Don haka makanike ya auna sabon kai guda na kowane irin inji da ake yawan kawo masa, Boxer ne, Haojue ne, Apsonic ne, ya rubuta a allo ya rataye. Ya kuma riƙa sake auna shi duk ranar gwaji, saboda iskar sanyin asuba ta fi ta zafin azahar nauyi.

Karatun ruwa yana da ƙa'ida

A nan ne mutane ke ruɗewa, to a saurara da kyau. Ruwan tiyo na biyu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan iska. In iska ta ninka biyu, tazarar ruwa ninkawa huɗu take yi. Wannan ƙa'ida ce ta tafiyar ruwa da iska da masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana tun 1738.

Misali, sabon kai ya ba da santimita 20 a cikakkiyar buɗewa. In naka ya ba da 18, iskar da ka rasa kashi 5 cikin 100 ce kawai, wannan ba abin sayen sabo ba ne. In ya ba da 16, ka rasa wajen kashi 11. In ya ba da 10, ka rasa kusan kashi 30, injinka a shaƙe yake. Sai ya sauka har 5 ne za a ce rabin iskar ta tafi. Saboda haka in wani ya nuna maka 10 a gefen 20 ya ce maka kanka ya mutu rabi, ka ce masa a sake lissafi.

Wurin da aka rasa iskar ma yana magana. In a juyi na ɗaya da na biyu ne naka ya gaza, matsalar tana bakin bawul da mazauninsa, wataƙila gawayi ne ko mazauni ya ci. In a ƙananan juyi lafiya lau, sai a manya ya tsaya cik, to cikin hanyar ne ya ƙuntata. A kankare gawayi, a wasa bawul a mazauninsa, a sake ɗorawa a akwati. Gani ya kori ji: da idonka za ka ga ko aikin da ka biya ya ƙara wani abu.

Kafin a sauke, a yi gwaji ɗaya na ƙarshe, wanda ya fi shafar mu mutanen hanyar ƙasa. A cire yumɓu, a ɗaura kafireta, a riƙe maƙurar a buɗe, a auna. Sai a ƙara matatar iska yadda aka ciro ta daga babur, a sake aunawa. Duk wanda ya bi hanyar Salaga zuwa Bimbila da rani, ko ya yi jigilar albasa a Bawku cikin hazo, ya san irin jar ƙurar da ke shiga har cikin haƙora. Sau da yawa a nan ruwan zai faɗi warwas, a gane ashe kai lafiyarsa ƙalau, matata ce ta toshe. Ta soso ana wanke ta, a shanya, a shafa mata ɗan man inji. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi. Cire ta gaba ɗaya kuwa, kamar yadda wasu samari ke yi wai don gudu, kashe inji ne da hannunka, domin ƙurar nan ita ke cin ringi da mazaunin bawul.

Maganar “buɗe” kai

Mu koma kan wanda ya ce zai gurza. Gaskiya ne ɗan gyara yana taimako: a share kumburin da aka bari tun daga masana'anta, a daidaita gaskit da bakin hanya. Amma faɗaɗa hanyar gaba ɗaya wani abu ne dabam. Ku tambayi dattawan Makango. Kafin a kammala madatsar Akosombo a 1965, Volta a nan kogi ne mai gudu. Da ruwa ya bazu ya zama tafki, sai ya kwanta. Iska ma in hanya ta yi mata faɗi, gudunta raguwa yake. Iskar da ba ta da gudu ba ta cika silinda sosai in inji na juyi a hankali, kuma ba ta riƙe fetur ta gauraya da shi yadda ya kamata. Mai tsere da ke tafiya a ƙarshen maƙura kullum yana iya cin riba. Kai mai lodin doya ko buhun masara, ƙarfin tashi daga tsaye da na hawan tudu kake nema, kuma shi ne farkon abin da gurza ke ɗaukewa. Ƙarfen da aka gurje kuma ba ya dawowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da akwatin ba ya gani

Kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba ya faɗa maka ko ringi ya ci, wannan aikin ma'aunin matsi ne da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ba ya ganin wuta ko ta yi latti. Ba ya ganin tazarar bawul, wadda in ta yi yawa bawul ba ya buɗewa sosai, in ta matse kuma ba ya rufewa har ya ƙone. Waɗannan a fara duba su, don sun fi araha. Ku kuma masu kwalekwale a bakin ruwa, yawancin injinan Yamaha da ke tura jiragenku masu bugu biyu ne, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Kansu ba shi da bawul, ta ramukan jikin silinda suke numfashi, don haka wannan gwaji ba nasu ba ne. Amma injin niƙa mai gas da janareta da famfon ban ruwa masu bugu huɗu duk suna hawa akwatin, sai dai babban kai yana son babban rami a faranti da jan da ya fi ƙarfi.

Shawararmu ga ƙungiyoyin makanikai da na masu Motokin ita ce a haɗa kuɗi a yi akwati ɗaya a tasha. Mai sayo kayan gyara daga Suame Magazine a Kumasi, ko daga kasuwar Sinkase, shi ma zai amfana, domin tsohon kai da aka wanke ya yi ƙyalli ba a gane cikinsa da ido. A ɗora shi a akwati kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Kai kuma ɗan'uwa da ka aiko da tambaya, ga jerin da za ka bi: matatar iska tukuna, sai tazarar bawul, sai matsi. In duk lafiya, a sauke kai. Ko babu akwati a garinku, a kifa shi, a zuba kalanzir a hanyar iska, a ga ko zai tsatso ta bakin bawul. In ya tsatso, wasa bawul ne maganin, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon kai ba. In an sami akwati, a auna kafin gyara, a auna bayan gyara, ka riƙe takardar lambobinka a aljihu. Ka aiko mana da abin da ka gani, za mu karanta wa jama'a.

A shiri na gaba za mu yi magana a kan gane gurɓataccen fetur kafin ya shiga tanki. Kafin nan, makiyaya Allah ya ba da damina mai albarka, 'yan kasuwa Allah ya kawo ciniki, direbobi Allah ya kiyaye hanya. Mu kwana lafiya.